Kujerar Tesker: Yadda Dajin Arewacin Gure Ya Samu Murya a Majalisa

Daga duwatsun Kutus, inda garin Kelle yake, in ka miƙe arewa gonakin gero na ƙarewa, rairayi ya karɓe, sai rijiyoyi masu zurfi da garkunan raƙuma. Can ne ƙasar Tesker, ta Tubawa da Larabawa da Buzaye da Fulani. Faɗi gare ta, amma mutanenta kaɗan ne, a warwatse, yau suna wannan rijiya gobe suna waccan. In da yawan ƙuri'a kawai ake rabon kujeru, da wuya ɗan wannan daji ya taɓa zama a zauren majalisar dokoki a Yamai.

Wannan matsala na cikin abin da aka yi ƙoƙarin warwarewa bayan Babban Taron Ƙasa na Nijar, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli 1991 aka rufe a farkon Nuwamba. Da aka zo zaɓen 'yan majalisa na Fabrairun 1993, cikin kujeru 83 an ware 8 ga mazaɓu na musamman domin ƙananan al'ummomi, irin su Tesker, Ngurti, Bilma, Tasara da Bankilare. Dabarar ba baƙuwa ba ce a duniya: a Amurka, jihar Wyoming da ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba tana da sanatoci biyu, daidai da Kalifoniya. A ganina wannan na cikin shawarwari mafi hikima na wancan zamani, domin a lokacin ana tawaye a arewacin ƙasar, kuma babban kukan mutanen daji shi ne ana yanke hukunci a kansu ba tare da su ba.

Zaɓen Tesker na Fabrairu soke shi aka yi. Da aka sake ranar 11 ga Afrilu 1993, wani malamin falsafa mai shekara 33, Mohamed Bazoum, ya ci kujerar a ƙarƙashin jam'iyyar PNDS Tarayya. An haife shi a 1960 a Bilabrin ta jihar Difa, cikin Larabawan Awlad Sulaiman, ya tashi a Tesker, ya yi makaranta a Gure, ya samu bakaloriya a Damagaram a 1979, sannan ya wuce jami'ar Dakar. Duk wanda ya san wannan yanki ya san nauyin wannan tafiya: yaro ya bar raƙuman gidansu ya zauna a garin da ba nasa ba saboda lakkwal, alhali 'yan uwansa na jan guga a bakin rijiya. Ƙungiyar malamai ce ta fito da shi fili, yana cikin waɗanda suka kafa Tarayya tare da Mahamadou Issoufou, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, a Disambar 1990, kuma ya riƙe muƙami a gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cheiffou Amadou.

Daga nan sai hawa da sauka. Ministan harkokin waje a 1995, dogon zaman adawa, komawa ma'aikatar a 2011, ministan cikin gida daga 2016 zuwa 2020. A 2011 ɗin ne kuma aka cire Tesker daga Gure ta zama gunduma mai zaman kanta.

Shekarar da Bazoum ya shiga majalisa, wani ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane na CDS Rahama, ya zama shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa tsakanin jam'iyyu barkatai. Sojojin Ibrahim Ba'are Mainasara suka kifar da shi ranar 27 ga Janairu 1996. Shekara 25 bayan haka, ranar 21 ga Fabrairu 2021, mutanen nan biyu suka kara a zagaye na biyu, jihar Damagaram ta zamo kowa ya ci nata ne. Yaƙin neman zaɓen bai yi tsabta ba, an yi ta jifan Bazoum da cewa ba ɗan ƙasa ba ne, har kotun tsarin mulki ta tabbatar da takararsa. Wannan magana ta yi wa mutanen daji ciwo, domin su aka saba tambaya takardar haihuwa a ƙasar kakanninsu. Bazoum ya samu kashi 55 da ɗoriya cikin ɗari, Ousmane ya ƙi amincewa da sakamakon, aka rantsar da Bazoum ranar 2 ga Afrilu. Wannan ne karo na farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa mulki ga wani zaɓaɓɓe.

Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun da ke tsaron fadar Bazoum, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, suka tsare shi suka karɓi mulki. Mutane sun rabu kan mulkinsa, musamman kan tsaro da zaman sojojin Faransa, kuma kowa na da hujjarsa. Amma juyin mulkin ya tafi da majalisar dokoki baki ɗaya, har da kujerar Tesker. Duk ranar da za a zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, mutanen Kelle da Gure da Tesker su tsaya kai da fata a maido da kujerun nan na musamman.