Daga Akumari Zuwa Shasi: Tarihin Gyaran Motar Daji a Kumasi



A 'yan shekarun nan samarinmu sun kamu da sha'awar motar daji. Mutum zai sayi tsohuwar Land Cruiser ko Hilux ko Pajero, ya kafa ta a ƙofar gida, duk ranar hutu ana kwance wannan ana ɗaura wancan, gwargwadon nauyin aljihu. Da yawansu suna zaton sabon abu ne da suka gano a waya. Alhali sana'a ce mai dogon tarihi a ƙasar nan, kuma iyayenmu suna cikin waɗanda suka biya kuɗin koyonta, wani da dukiyarsa, wani da ransa. Ya kamata a san wannan tarihi kafin a ɗauki sifana.

Kakanninmu da jaki suka zo Gwanja neman goro. Ayari yakan yi watanni tsakanin Kano da Salaga, kuma babu madugun da zai yarda a tashi daga zango bai tabbatar an duba bayan dabbobi ba. Akumarin da bai zauna daidai ba yakan yi wa jaki miki, jakin da ya yi miki kuwa ya fita daga aiki, kayansa su koma kan sauran. Saboda haka ilmin fatauci na farko shi ne sanin iyakar abin da baya zai ɗauka, da yadda za a raba nauyi ya daidaita hagu da dama. Ƙararrawa da adon linzami sai bayan an gama wannan. Ku riƙe wannan ƙa'ida, domin ita ce ta bi mu har cikin zamanin mota.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, kasuwar goro ta watse zuwa wasu garuruwa, daga baya Kumasi ta zama cibiyarta. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, kuma wajen 1920 hanyar da ta tashi daga Kumasi zuwa Tamale ta soma ɗaukar mota. Hanya ce ta burji, da ƙetaren kogi a kwalekwalen fito a Yeji. Da rani gargada ta kwance kowane noti, da damina laka ta riƙe mota kwana da kwanaki. Manyan motocin da aka riƙa shigowa da su, musamman Bedford, sukan zo da shasi da inji da gaba kawai. A nan gida kafintoci suke gina musu bodin katako, maƙera su ƙara musu ƙarfe inda hanya ta nuna rauninsu. Tun daga farko ke nan, motar da ke hawa hanyar arewa rabinta aikin Turai ce, rabinta aikin hannun mutanen ƙasa.

Motar daji ta ainihi ta zo ne bayan yaƙin duniya na biyu. A 1948 kamfanin Rover na Ingila ya fito da Land Rover, wadda aka ƙera bisa koyi da Jeep ta sojan Amurka. Ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila a lokacin, sai suka yi mata jiki da alminiyum, suka ɗora shi a kan shasin ƙarfe mai siffar tsani, duk da noti aka haɗa. Wannan larura ta zamar mana alheri. Jikin ba ya tsatsa, kuma duk abin da aka ɗaure da noti ana iya kwance shi a gindin mangwaro. Hukuma ce ta fara hawanta: jami'an mulki, 'yan sanda, likitocin dabbobi, ma'aikatan gandun daji. Idan ta tsufa a yi gwanjonta, sai ta faɗo hannun dillalin shanu ko mai sayen doya da gyaɗa a ƙauyuka. Daga nan rayuwarta ta biyu take farawa, kuma sau da yawa ta fi ta farko tsawo.

Inda ake ba ta wannan rayuwa shi ne Magazin. Sunan ya samo asali daga tsohon rumbun makaman soja na zamanin Turawa, inda masu gyaran mota suka fara taruwa wajen shekarun 1930, kafin daga baya su koma Suame su tafi da sunan. Yau dubun dubatar mutane suke cin abinci a can: masu gyaran inji, masu walda, masu zubin ƙarfe, masu lantarki, masu buga sifirin, masu sayar da kayan gyara. Yaran zango da yawa sun yi koyo a wurin, kamar yadda 'yan'uwanmu na Sabon Zango a Ankara suke maƙwabtaka da kasuwar kayan mota ta Abossey Okai. Tsarin koyon ma bai yi mana baƙo ba. Uba yakan kai yaro ya damƙa wa maigida, ya yi shekaru yana wanke noti da miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa inji, kamar dai almajirin da ba a ba shi littafi sai ya ƙware a allo.

Abubuwa biyu ne suka gwada ƙwarewar Magazin. Na farko, ranar 4 ga Agusta 1974 Gana ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Motoci masu yawa sitiyarinsu yana ɓangaren da bai dace da sabuwar doka ba, sai masu gyara suka shiga aikin mayar da sitiyari da feda daga wannan gefe zuwa wancan. Tsohuwar Land Rover ta fi sauƙin wannan aiki, domin tun asali an ƙera ta yadda za a iya sa sitiyari ta kowane ɓangare. Na biyu, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983 kuɗin waje ya ƙare wa ƙasa, kayan gyara suka ɓace daga kanti. A wannan tsakani ne aka koyi ƙera abin da ba a iya saye. Ana yanka tsohuwar taya a fitar da robar sifirin, ana sassaƙa gasket da hannu, ana haɗa mota guda daga gawar motoci uku. A 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin Magazin ɗin, domin kawo wa masu sana'a injunan sassaƙa ƙarfe da dabarun zubi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Irin wannan ya faru a Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa. Maƙeran can sun ɗauki Bedford suka kwance ta gaba ɗaya, suka ƙarfafa shasinta, suka ƙara mata sifirin da tankunan mai, har ta riƙa ɗaukar fiye da abin da kamfani ya rubuta tana ratsa rairayi. Suna kiranta Sifinja, wato silifa, saboda taushin tafiyarta. Abin lura a nan shi ne, su ma daga shasi suka fara.

To, mene ne tsofaffin Magazin suka bari na ilmi ga mai ƙaramin ƙarfi? Jerin aiki suka bari, wanda hanya ce ta koya musu shi.

Farko shasi. Jikin Land Rover yakan yi kyau alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tsatsa ta cinye, musamman inda laka take maƙalewa, da kuma wuraren da sifirin yake rataye. Sukan ƙwanƙwasa da guduma su saurari amo. Inda ya tsage, sukan ɗora faci mai tsini a gefe biyu su yi walda, domin waldar da ta miƙe tsaye a kan shasi nan ne zai sake karyewa. Na biyu birki da sitiyari, domin motar da ba ta tsayawa ba ta da amfanin gudu. Na uku sifirin. Sukan ƙara ganye ɗaya ko biyu, ko su sake lanƙwasa wanda ya kwanta da bugun guduma a sanyi. Mai sani ba ya gasa ganyen sifirin da wutar walda, domin zafi yana kashe ƙarfinsa. Na huɗu numfashi da sanyi: wanke lagireto, sabunta tiyo, da kula da matatar iska, domin ƙurar hunturu tana cin inji a hankali kamar gara. Tsohuwar Land Rover tana da matatar iska mai kaskon mai, wadda wankewa kawai take bukata. Sai bayan waɗannan ake zancen taya, kuma ko a nan sun san iyaka. Sandar da ke juya tayar baya a tsohuwar Land Rover ta shahara da karyewa, shi ya sa direban kirki ba ya shiga daji sai da guda a ƙarƙashin kujera.

Daga shekarun 1980 motocin Japan suka ƙwace fagen. Toyota ta fitar da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, ta sa mata injin dizal mai suna 1HZ daga 1990, inji mai lita 4.2 wanda ba ya bukatar kwamfuta. Yaƙin Cadi da Libiya na 1987 har laƙabin Yaƙin Toyota aka yi masa, saboda rawar da waɗannan motoci suka taka a hamada. Mutanenmu suka koma kansu, wasu ma suka cire injin fetur daga tsohuwar Land Rover suka dasa mata dizal na Japan domin sauƙin mai. A 2013 masu sana'ar Magazin, tare da wasu baƙi daga Holan, suka ƙera motar daji sukutum daga kayan da ke cikin kasuwar, suka sa mata suna Turtle, wato kunkuru. Sunan ya dace da hikimar wurin: tafiya sannu, baya mai ƙarfi.

Abin da ke damunmu yau shi ne an juya jerin nan kai ƙasa. Saurayi zai fara da manyan tayu da fitilu a kan rufi da ƙarfen gaba mai nauyi, ya ɗaga mota sama da guntayen ƙarfe, birki kuwa yana nan yadda ya same shi. Babbar taya tana ƙara wa birki aiki, tana gajiyar da giya da sandunan taya, tana ƙara shan mai. Mota idan aka ɗaga ta aka kuma lafta mata kaya a rufi, nauyinta ya koma sama, kwana ɗaya mai kaifi ya isa ya kifar da ita. Waɗannan motoci kuwa su ne muke cikawa da iyaye da yara idan za a je biki ko ta'aziyya a Salaga ko Yendi ko Bimbila, ko can yankin Mamprusi da ake kira Overseas saboda yadda ruwa ke yanke shi da damina. Wanda ya canza inji kuma ya sani, wajibi ne ya kai wa hukumar DVLA a gyara takarda, kada ranar tsautsayi inshora ta juya masa baya. Game da kayan gyara na jabu masu arha, musamman na birki, Hausawa sun riga sun gama magana: araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nisa. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce ke sarrafa su, kunne da guduma kaɗai ba sa gano ciwonsu. Tsofaffin da suka ga zamanin ƙarancin kaya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ilminsu kuwa ba a rubuce yake ba. Muna kira ga samarinmu masu karatun zamani da su haɗa biyun: su koyi na'urar binciken mota, su kuma je su durƙusa gaban waɗannan dattawa tun suna raye, su tambaye su yadda ake sauraron shasi da yadda ake karanta hayaƙi. Mai kuɗi kaɗan da ya bi jerin magabata zai sami motar da za ta kai shi ta dawo da shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Wanda yake da dattijo a gida da ya yi tuƙi ko gyara a wancan zamani, ya tambaye shi ya rubuto mana abin da ya ji, domin a adana.