Lambar Zinaren Jesse Owens: Ta Yaya Aka San Tasa Ce?

A watan Disamban 2013 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin lambobin zinare huɗu da Jesse Owens, baƙar fata ɗan Amurka, ya ci a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, zamanin mulkin Hitler. Ta tashi a kan dala miliyan 1.46 da ɗoriya. Abin da ya ɗaure min kai, jama'a, babu sunan Owens a jikinta, babu ma sunan wasan. Har yau ba a tantance ko ta tseren mita 100 ce, ko 200, ko dogon tsalle, ko tseren miƙa sanda ba.

Masana kan fara da jikin lambar: faɗinta milimita 55, zanen Cassioli ɗan Italiya, rubutun Berlin 1936, sai hatimin kamfanin B.H. Mayer na garin Pforzheim a gefenta. Zinaren ma suna ne kawai, azurfa ce aka shafa wa ruwan zinare, domin daga gasar 1912 ba a sake ba da ta zallar zinare ba. Wanda ya kawo maka ta Berlin ta zallar zinare, to jabu ya kawo.

Sai dai duk wannan iyakarsa ya nuna ta Berlin ce. Abin da ya mai da ita ta Owens shi ne hannayen da ta bi, kamar yadda muke bin sawun fayil a ofis. Owens ya ba abokinsa Bill Robinson, shahararren ɗan rawa, kyautarta. Bayan rasuwar Robinson ta zauna wajen matarsa, daga hannun magadanta kuma ta fito kasuwa.