Shayin Hantsi na Turawan Ingila

Idan ana maganar shayi a Ingila, hankalin mutane yakan tafi gidajen sarauta da kofunan tangaran. Ni kuwa wanda ya fi jan hankalina shi ne na hantsi, wanda suke kira elevenses, wato na ƙarfe sha ɗaya, domin asalinsa a gona yake.

A ƙarni na 19, leburorin gona a yankuna irin su Suffolk da Kent tun da asuba suke fita, musamman lokacin girbi. Kafin azahar yunwa ta ci su. Sai su zauna a gindin shinge su ci burodi da cuku, su kora da giyar sha'ir ko ta tuffa, kamar dai yadda ake kai wa manominmu fura idan hantsi ya dubi ludayi. Da agogo suka raɗa wa abin suna: na sha ɗaya elevens, na ƙarfe huɗu fourses. A bakin talaka sunan ya ƙara tsawo ya zama elevenses, kuma haka aka rubuta shi a wani ƙamus na karin harshen Kent a shekarun 1880.

Shayi daga baya ya ƙwace wurin giya. Tun a 1784 Firayim Minista William Pitt ya rage harajinsa daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12.5, shayi ya ƙara shiga gidan talaka. A 1887 kuma doka ta hana biyan leburan gona wani ɓangare na ladansa da barasa. Da mutane suka koma masana'antu da ofisoshi, sai suka tafi da al'adarsu. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, da aka taƙaita wa kowa oza 2 na ganyen shayi a mako daga 1940, mata na zagayawa da kurar shayi tsakanin injina, don masu masana'antu sun gane ma'aikacin da ya huta ya fi aiki.

Littattafan yara su suka ƙarasa ɗaukaka sunan. Paddington, beyar da Michael Bond ya ƙirƙira a 1958, yakan yi nasa da koko da gurasa mai zaƙi a shagon abokinsa Mista Gruber da ke titin Portobello a Landan.

Yau da yawa daga cikin Turawan Ingila kofi suke kurɓa a gaban kwamfuta, ba sa ko tashi daga kujera. Wannan a ganina hasara ce, domin leburan Suffolk ajiye lauje yake yi kafin ya ci.