Jar Akuya da Fatar da ta Ƙetare Sahara

A cikin dukan dabbobin da Allah ya hore wa mutanen ƙasar Hausa, babu wadda aka raina a gida alhali labarinta ya kai nesa kamar jar akuyar Sakkwato, wadda mutanen Nijar ke kira jar akuyar Maraɗi, ko da yake iri ɗaya ne, iyakar da Turawa suka shata ce kurum ta ba ta suna biyu. Ba ta da girman jiki, gashinta gajere ne mai sheƙi, tana yawan haifan tagwaye. Amma abin da ya sa fatake suka san darajarta tun zamanin da shi ne fatarta, wadda ta haɗa laushi da ƙwari, abu biyu da ba kasafai sukan taru a fata ɗaya ba.

Majema su ne tushen wannan al'amari. Sukan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, su kankare shi, su tsoma ta cikin ruwan bagaruwa ta kwana tana sha, sa'an nan a rina ta ja da karan dafi, dukawa su karɓa su yi takalma da jakunkuna da tufafin sirdi da gafakar Alƙur'ani. Abin da ya ragu kuwa, kuma ba kaɗan ba ne, sai a ɗaure shi a kan raƙuma, ayari ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus da sauran biranen Magrib, inda Turawa suka riƙa saye suna yi wa littattafansu bango da shi, suna kiransa fatar Maroko, domin ba su san bakin da ya ci harawa har fatar ta yi kyau ba. Matafiya Turawa biyu, Clapperton, wanda ya sauka wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, da Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, duk sun ga wannan sana'a tana ci, sun kuma rubuta labarinta.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta juya kudu zuwa Ikko, kamfanonin Turawa kuma suka fi son ɗanyar fata busasshiya, su kai ƙasarsu su jeme da kansu. Daga nan ne hukuma ta fara sa hannu cikin kiwon akuya. Ma'aikatan dabbobi, da taimakon hukumar gargajiya, suka shiga ƙauyukan lardin Sakkwato suna fiɗiye bunsuran da ba ja ba, don kada iri ya gauraya. Suka hori mahauta da su kiyaye wuƙa wajen fiɗa, suka kuma hana shanya fata a ƙasa cikin rana, sai dai a ɗaure ta a rataye a inuwa. Haƙiƙa wannan horo ya yi amfani, gama fatar da wuƙa ta huda ko rana ta ƙona ba ta da kuɗi. Bayan mulkin kai, a farkon shekarun 1960, gwamnatin Nijar ta kafa gidan kiwo a Maraɗi domin tsare wannan iri da rarraba bunsuransa ga talakawa.

Sai dai a nan akwai abin da ya kamata mai hankali ya lura da shi. Duk wannan tadbiri an gina shi ne bisa bukatar mai saye a Ingila da Faransa, alhali mai akuyar, wadda galibi mace ce a cikin gida, ba don fata take kiwo ba. Ita tana duban wata biyar na ciki, da 'ya'yan da za a haifa, da ɗan nonon da yara za su sha, da ranar da lalura za ta taso, ta biki ko ta ciwo ko ta yunwar bazara, a ja ɗaya zuwa kasuwa. Garkenta ba ya ko kusantar arba'in ɗin da malaman fiƙihu suka ƙayyade nisabin zakka. Uku ne ko biyar a turke, wani lokaci ma na kiwo ne da 'yar'uwa ta ba ta, a raba 'ya'ya bisa amana. Kuɗin fata kuwa aljihun mahauci da dillali yake shiga. To, ina dalilin da zai sa ta damu da launin bunsuru, in dai akuya ta ɗauki ciki?

Farin da aka yi a 1973 da 1974 ya bayyana gaskiyar lissafinta, domin sa'ad da shanu da yawa suka mutu, awaki ne suka jure da ganyen itatuwa da kwalfar gawo, da su kuma gidaje da yawa suka sake kafa dukiya. Abin da yake karya garken talaka, jiya da yau, shi ne ƙarancin harawa da dusa a ƙarshen rani, da kirci mai ɓata fata tun dabba tana da rai, da annobar nan ta zawo da majina wadda aka fara ganewa a Kwaddibuwa a 1942, wadda kan share turke cikin 'yan kwanaki. Allurar rigakafinta tana nan, masana kuma a cibiyoyin binciken dabbobi na Vom da Shika sun daɗe suna aiki a kan waɗannan matsaloli. Wahalar ita ce mai allura ya isa ƙauye kafin ciwon ya riga shi, kuma a yi masa iso zuwa cikin gida inda awakin suke.