Sayi: garin malamai da ke bakin kogi, kudu da Lamorde

Ƴan'uwanmu mazauna Abijan da Kumasi kan tambaye mu inda za su kai yara idan sun zo hutu, su ga tarihi da idonsu. Mu kan ce musu Sayi. Garin yana gefen kogin Kwara, a ɓangare ɗaya da mu, kimanin kilomita 55 kudu da Yamai. Mai tashi daga Lamorde ba ya ma buƙatar haye gadar Kennedy, hanyar daga nan Harobanda take farawa.

Sunan Sayi ya fito ne ta dalilin Alfa Mahaman Jobbo, malami Bafillace wanda ya zauna a wurin wajen 1825, ya rasu a 1834. Bai tara mutane da takobi ba, karatu da sulhu ne suka jawo su: Fulani, Zabarmawa, Gurmawa, har da fatake Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda a nan suke ƙetare kogi. Garin ya bi Gwandu a zamanin daular Sakkwato. Wannan cuɗanyar tana nan har yau. Kun ga sarautar garin ta zuriyar Bafillace ce, amma sunanta Alfaize, kalmar Zabarmanci mai nufin ɗan Alfa. A kasuwa kuwa, ciniki ɗaya sai a fara shi da Fulatanci a ƙare da Hausa, ba wanda zai ɗaga kai.

Turawa ma sun san da zamansa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya haye kogi a Sayi a watan Yuni na 1853 kan hanyarsa ta Tumbutu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layin rabon ƙasa daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, ba tare da sun shawarci kowa a nan ba. Daga baya Faransawa suka haɗa yankin da Haute-Volta, wato Burkina ta yanzu, sai a 1927 ya dawo Nijar.

Me baƙo zai gani? Akwai hubbaren Alfa Mahaman Jobbo, inda ake zuwa ziyara. A fara gaida masu kula da wurin kafin a shiga, kada kuma a ɗaga salula ana ɗaukar hoto ba izini. Akwai Jami'ar Musulunci ta Nijar, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta kafa, aka buɗe ta a 1986, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Ranar Juma'a ce kasuwa, ranar kifi da shinkafar fadama da nono mai kyau. Mu dai, da za a bar mu mu zaɓa, bakin kogi da hantsi lokacin da kwale-kwale ke sauke kaya ya fi komi.

To, sai maganar tsaro. Tun 2018 aka sa yankin Sayi cikin dokar ta-ɓaci, kuma hanyar da ke wucewa Tamu zuwa gandun dajin W ba ta yawon buɗe ido ba ce yanzu. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a tashi, a riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro, a tafi da safe, a juyo kafin la'asar ta yi sanyi.