Lambu a Ƙasar Hausa: Tarihin Noman Kayan Miya da 'Ya'yan Itatuwa

Lambu shi ne ɗan filin da ake killacewa da danga ko shinge, a noma kayan miya da ganyaye da 'ya'yan itatuwa a cikinsa ta hanyar ban ruwa, kuma a wasu sassa, musamman a Jamhuriyar Nijar, an fi kiransa da garka. Ya bambanta da gona ta fuskar girma da lokaci da irin kulawa, domin gona tana jiran ruwan sama ne ta ba da gero da dawa sau ɗaya a shekara, alhali lambu yana rayuwa da ruwan da mai shi ya ɗebo da hannunsa, yana kuma buƙatar a leƙa shi safe da yamma. Dalilin samuwarsa a bayyane yake ga duk wanda ya san yanayin ƙasar Hausa, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu zuwa biyar ba, sauran watannin kuma ƙasa ta bushe, amma tukunyar miya ba ta daina neman ɗanyen ganye. Tarihin lambu tarihi ne na yadda Hausawa suka cike wannan giɓi da abubuwa uku, wato ruwa na kusa, da taki mai kyau, da fili ɗan kaɗan wanda ido zai iya kewayewa.

Mafi daɗewa a cikin nau'o'in lambu shi ne na cikin gida, wanda galibi yake hannun mata. A gidan gargajiya akan bar wani lungu a bayan ɗakuna ko kusa da makewayi, inda ruwan wanka da na wanke-wanke yake gangarawa, a shuka kuɓewa da yakuwa da rama da gauta, waɗanda duka tsirrai ne da aka daɗe ana nomawa a nahiyar Afirka. Duma yakan hau danga ko jinkar ɗaki, idan ya ƙosa a fafe shi a sami ƙwarya da ludayi, lalle kuma yakan tsaya a gefen shinge domin ƙunshi. Abin da aka tsinka ya yi rara ba a barinsa ya lalace, ana yanyanka kuɓewa a shanya, a busar da ganyen rama da yakuwa a zuba a tukunya ko a buhu, ta yadda miyar bazara takan fito daga abin da aka tanada tun kaka. Ga matar da take cikin kulle, wannan lungu ya kasance hanyar samun 'yan kuɗin kashewa, domin yara sukan ɗauki abin da ya ragu su kai talla maƙwabta.

Nau'i na biyu shi ne lambun fadama, wanda sana'a ce ta maza a lokacin rani. Fadama ita ce ƙasa mai kwari da take gefen kogi ko tafki, wadda ruwa yake kwanciya a kanta da damina, ya bar mata laka mai albarka da laima, har ya zama idan aka haƙa rijiya gaba ɗaya ko biyu sai a tarar da ruwa. Babban kayan aikin wannan noma shi ne jigo, wato doguwar sanda da ake ɗorawa a kan gicciyen itace tsakanin turaku biyu, a ɗaure curin laka mai nauyi a ƙarshenta na baya, a rataya igiya da guga ko ƙwarya a na gaba. Mai lambu yakan ja igiyar ƙasa har gugan ya nutse, sa'an nan nauyin lakar ya ɗago masa shi cike, ya juye a bakin magudana. Daga nan ruwan yake bin 'yan hanyoyi zuwa fangali, wato 'yan murabba'an filaye masu ƙaramin bango na ƙasa a kewaye, inda yaro yakan tsaya da fartanya ya buɗe bakin wannan har ya ƙoshi, ya toshe shi da laka ya buɗe na gaba. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma shi ya sa lambun wancan zamani bai wuce abin da mutum ɗaya da 'ya'yansa za su iya shayarwa a yini ba, wanda hakan ya koya wa manoma cin moriyar kowane taƙi na ƙasa.

Fatauci ta hamadar Sahara ya ƙara wa lambu baƙin tsirrai, kuma masana sun fi karkata ga cewa alkama da albasa da lemu ta wannan hanya suka iso daga Arewacin Afirka. Alkama da albasa suna son sanyin hunturu, saboda haka suka zama amfanin rani na fadama, kuma da farko attajirai da sarakuna da Larabawan da suka zauna a birane ne suka fi cin alkama a matsayin gurasa da alkaki. Alhassan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya ambaci yalwar hatsi da shinkafa da auduga da lemu a ƙasar Kano a littafin da ya kammala a 1526. Tsarin biranen kansu ya ba lambu gurbi, domin ganuwa ba gidaje kaɗai take kewayewa ba, har da filayen noma da kududdufai, saboda idan maƙiya suka yi wa gari ƙawanya a sami abin ci daga ciki. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da rubu'in filin da ganuwar ta kewaye ba, saura gonaki ne da lambuna, kuma Heinrich Barth, da ya hau dutsen Dala a 1851, ya hango itatuwan gwanda da dabino suna tsaye a tsakanin gidaje.

Ruwa kaɗai ba ya riƙe ƙasar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu, kuma a nan ne hikimar taki ta bayyana, musamman a karkarar da take kewaye da birnin Kano, wadda masu nazarin ƙasa irin su Michael Mortimore suka yi rubutu a kanta saboda yawan jama'arta da ɗorewar nomanta. Da rani jakuna sukan shigo birni ɗauke da itacen girki, su koma da mangala cike da kashin awaki da tumaki da toka da sharar gida wadda ta ruɓe a juji. Manoma sukan kuma yi yarjejeniya da Fulani makiyaya su kwana da shanunsu a fili bayan girbi. Ta haka abin da birni ya zubar yakan koma ƙasa, ya dawo kasuwa a matsayin albasa da alayyahu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yawancin abin da ake kira kayan miya a yau baƙi ne daga nahiyar Amurka, waɗanda ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Tumatir da barkono da tattasai da attaruhu da kabewa da dankali da rogo da gwanda da gwaiba duka daga can suka fito, wasu ta jiragen Fotugal zuwa bakin teku sa'an nan fatake suka hauro da su, wasu kuma ta ɓangaren Masar da hamada. Mangwaro da zogale kuwa asalinsu yankin Indiya ne. Wannan yana nuna cewa mai lambu a ƙasar Hausa bai taɓa rufe ƙofarsa ga sabon iri ba, yakan gwada shi a fangali ɗaya, idan ya karɓi ƙasar ya ajiye irinsa, maƙwabta su roƙa, har ya zama ɗan gida.

A ƙarni na 19, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, tare da zaunar da jama'a su yi noma, kuma Wurno, inda ya zauna har aka binne shi, tana cikin kwarin Rima wanda har yau ya shahara da albasa da tafarnuwa. Haka nan Aliero ta jihar Kebbi ta yi suna da albasa, kamar yadda Galmi ta jihar Tawa a Nijar ta ba da sunanta ga jar albasar da ake fatauci da ita zuwa Gana da Kwaddibuwa da sauran ƙasashen bakin teku. A ƙasar Damagaram kuwa, garkunan Miriya sun daɗe suna ciyar da birnin Zinder da ganye da rake da 'ya'yan itatuwa.

Zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ya sauya kasuwar lambu fiye da yadda ya sauya dabarar noman. Layin dogo ya iso Kano a 1911, unguwannin Turawa da na Kwarori da Sabon Gari suka cika da masu neman latas da kabeji da karas da kokwamba, masu lambu kuma suka koyi noma su. A Jos, inda haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina, Hausawa 'yan ci-rani sun kafa lambuna a gaɓar kogin Dilimi da bakin ramukan kuza da suka cika da ruwa, sanyin tsaunin kuma ya karɓi dankalin Turawa. Tashar binciken noma da aka kafa a Samaru ta Zariya a 1922, wadda daga baya ta zama cibiya a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fi mai da hankali ga auduga da gyaɗa da hatsi a farkonta, don haka ilimin lambu ya ci gaba da tafiya daga uba zuwa ɗa.

Babban juyi ya zo ne a lokacin farin 1972 zuwa 1974 da bayansa, lokacin da hukumomi suka ga haɗarin dogaro da damina ita kaɗai. A jihar Kano, gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure, aka kuma kammala ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978. A 1976 gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wanda ya kira makarantu da ma'aikata da magidanta su shuka abinci a duk filin da suke da shi, har da bayan gida. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta yi gangamin noman rani bayan farin 1984. Amma abin da ya fi sauya rayuwar ƙaramin manomi shi ne ɗan injin ban ruwa mai amfani da fetur da rijiyar bututu marar zurfi, waɗanda suka bazu tun daga shekarun 1980, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya ƙara yaɗa su a shekarun 1990. Cikin 'yan shekaru jigo ya kusan ɓacewa, mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai gayya, motocin tumatir kuma suka riƙa tashi daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas.

Wannan bunƙasa ta zo da nata tsadar. A Bakolori, manoman da aka karɓe wa filaye sun yi bore a kan diyya, wanda ya ƙare da asarar rayuka a 1980, madatsu irin su Tiga kuma sun rage ambaliyar da take ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru. Shuka iri ɗaya a faffaɗan fili ta ba ƙwari damar yaɗuwa, kamar yadda aka gani a 2016 lokacin da tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, farashinsa ya gagari talaka. A cikin birni, kogin Jakara ya zama magudanar ƙazanta, ana kuma shayar da ganye da shi. Mafi muni ga lambun gida shi ne ƙarancin fili, domin an cike kududdufai an yi gini, gidajen gado sun rarrabu, an kuma malale tsakar gida da siminti, har aka sami zuriyar da ba ta taɓa tsinkar kuɓewa daga jikin uwarta ba.

Duk da haka, wanda yake so ya fara lambu a gidansa a yau zai tarar cewa ƙa'idojin masu jigo suna nan da amfaninsu. Na farko, a fara da kaɗan, gwargwadon ruwan da ake da tabbacin samu kullum, ko da buhuna goma ne ko tsofaffin bokitai da aka huda ƙasansu, a ajiye su inda rana take samu mafi yawan yini, a kuma tsare su daga awaki da kaji. Na biyu, a gauraya ƙasa da takin da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Na uku, a bi lokaci, wato kuɓewa da yakuwa da rama da damina, tumatir da albasa da latas da karas kuma da sanyin hunturu, a yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a guji ruwan kwata da mai yawan sabulu. Alayyahu yakan isa yanka cikin kimanin wata guda, kuɓewa ta fara 'ya'ya a wajen wata biyu, tumatir kuma akan rene shi mako uku zuwa huɗu kafin dashe. A ɓangaren itatuwa, zogale yana kamawa daga reshe, gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda, mangwaro mai aure kuma yana riga na ƙwallo haihuwa da shekaru. Toka da ruwan ganyen darbejiya suna rage ƙwari a ƙaramin fili ba tare da an sayi guba ba.

Ilimin lambu yana nan a hannun tsofaffin da suka ja jigo da iyayen da suka shanya kuɓewa a kan tabarma, kuma zai ɓace ne kawai idan aka daina tambayarsu. Ya hau kan masu tsara birane su bar fili da ruwa mai tsabta ga masu lambu, makarantu su dawo da lambunansu, kowane magidanci kuma ya ware ko da lungu ɗaya ne a gidansa ya shuka abin miyar iyalinsa.