Babur da Rairayi: Tarihin Sana'ar Gyaran Mashin a Ƙasar Dambam

Garin Dambam yana arewa maso gabashin Jihar Bauchi, dab da iyakar Yobe, a kan titin da ya taso daga Kano ya ratsa Azare ya nufi Potiskum da Maiduguri. Da an sauka daga kwalta, hanyoyin da ke shiga ƙauyuka yawancinsu na rairayi ne. Wannan rairayi ragowar wani zamani ne na fari, dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta gangaro kudu, iskar arewa maso gabas ta jera tuddan yashi dogaye tun daga gefen Tafkin Cadi har cikin ƙasar Hausa. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi bayaninsu a 1958. Daga baya ruwa ya dawo, ciyawa da itatuwa suka kama tuddan, suka zama jigawa da ake noman gero, wake da gyaɗa a kanta. Tuddan da har yanzu iska ke turawa sai an ƙara gaba arewa, wajen Yusufari da Tulo-Tulowa a Jihar Yobe. A Dambam, Jalam da Dagauda kuwa yashin a kwance yake, amma duk inda ƙafa da taya suka cinye ciyawa sai ya buɗe.

Kafin zuwan inji, dabba ce ke ratsa wannan ƙasa. Fatake masu bin hanyar Borno zuwa Kano da jakuna, takarkarai da raƙuma suke tafiya, sarakuna da barade kuma a kan dawakai. Ta wannan hanya wasu Turawa biyu, Hugh Clapperton da Walter Oudney, suka iso Katagum a Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗan Kauwa, kuma a Murmur, kusa da garin, Oudney ya rasu. Raƙumi ya fi kowa a yashi saboda faɗin tafinsa, wanda ke shimfiɗa nauyinsa ba ya nutsewa. Duk dabarar da masu inji suka ɓullo da ita daga baya, a kan wannan take tafiya. Sufurin wancan zamani yana da nasa ma'aikatan: dukawa masu sirdi, masu ɗinka akumari da mangala, da maƙera masu linzami da likkafa.

Mulkin Turawa ya sake tsarin yankin cikin ƴan shekaru. An haɗe masarautar Dambam da ta Misau a 1915, an mayar da fadar Katagum zuwa Azare a 1916, sannan aka cire yankin daga Lardin Kano aka sa shi a na Bauchi a 1926. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, amma layin dogo bai taɓa biyowa ta Azare ko Dambam ba. Saboda haka gyaɗa, auduga da fatu sai a kan jaki da raƙumi, daga baya kuma a motocin katako. Babbar mota a hanyar burji da yashi aikin wahala ce. Yaran mota suna tafe da shebur da faskaren katako, idan ta kafe su haƙe gaban taya, su shimfiɗa rassa da kara, fasinjoji su sauko a tura.

A daidai wannan lokaci Turawa ma suna fama da matsalar a cikin Sahara. Kamfanin Citroën na Faransa ya tsallaka da motoci masu sarƙa a baya daga Tugurt ta Aljeriya zuwa Tambutu tsakanin Disambar 1922 da Janairun 1923. Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, shi kuma ya bi hanya mai sauƙi a hamadar Masar da Libiya: ya nuna cewa ƙaramar motar Ford za ta hau tudun yashi idan aka rage iskar tayoyinta kuma aka tunkare shi da gudu kai tsaye. Littafinsa na 1941 kan yadda iska ke tafiyar da yashi har yau ana karanta shi.

Tushen sana'ar gyaran babur a wannan yanki yana wurin masu gyaran keke. Keken Raleigh ya zama abin hawan malaman makaranta, ma'aikatan En'e da ƴan koli, ko da yake a rairayi mai zurfi mai keke sauka yake ya tura. A hannun masu gyaran keke aka fara koyon faci, ɗaure waya a wili don ya miƙe, cire haɗin sarƙa da zuba ƴaƴan boris. Da babur ya zo, da yawa daga cikinsu sipana kawai suka ƙara.

Babur ya yaɗu ne a shekarun 1970. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a farkon 1975, ya sa kuɗi a hannun mutanen da ba su taɓa mallakar inji ba. A 1976 aka kafa Jihar Bauchi, aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kuma fara shirin ilimin firamare kyauta, wanda ya watsa malamai zuwa ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Malaman gona, duba-gari da ma'aikatan asibiti duk suna bukatar abin hawa. Honda, Yamaha da Suzuki na Japan suka cika kasuwa, Vespa kuma ta zama ta ƴan gayu a cikin gari, don ƙananan tayoyinta ba sa jure yashi. Honda CG125, wadda ta fito a 1975, an ƙera ta ne musamman don ƙasashen da ake ɗora wa babur kaya fiye da kima kuma ba a cika canja masa mai a kan kari ba. An yi mata inji mai sauƙin kwancewa da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Kamfanin Honda ya kafa masana'antar harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun a 1979.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon baburin Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci. Masu tsoho suka fara ɗaukar fasinja da yamma don cike giɓin albashi, acaɓa ta zama sana'a. A waɗannan shekaru ne makanikai suka fi gogewa, domin ba a jefar da komai: a sa wa silinda hannun riga, a yi wa kan inji walda, a yanka gasket daga kwali. Wajen ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin masu araha suka shigo, Jincheng a gaba, daga baya Bajaj Boxer ta Indiya ta karɓe kasuwar ƙauye saboda dogon kujera, ƙarfin jan kaya da ƙarancin shan mai. A ranar kasuwa ba abin mamaki ba ne a ga Boxer ɗauke da buhu biyu na gero da mai kayan a sama, ko akuya ɗaure a baya za a kai ta Potiskum, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Laraba.

Garejin babur a irin waɗannan garuruwa yawanci inuwar maina ce ko rumfar kwano a bakin titi, da benci, akwatin kayan aiki da ƙasar da baƙin mai ya rine. Yaro yakan shigo ne ta hannun mahaifinsa ko kawunsa, a damƙa shi amana ga maigida. Aikinsa na farko miƙo sipana da wanke kayan inji a cikin rabin galan na fetur da tsohon buroshin goge baki. Daga nan ya koyi fulogi, birki da sarƙa, sai can gaba a bar shi ya buɗe inji. Maigida ke ba shi na abinci, idan hannunsa ya faɗa a yaye shi da addu'a, wani lokaci da ƴan kayan aiki.

Abin da ya bambanta makaniken jigawa da na birni shi ne yawan aikinsa na ɓarnar yashi ne. Ƙwayar rairayi ta fi yawancin ƙarfen inji tauri. Idan ta wuce matatar iska ta shiga silinda, tana goge ringi da fistin a hankali har inji ya rasa matsi, ya fara shan baƙin mai, salansa ta riƙa fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Shi ya sa ƙwararren makanike yake fara buɗe akwatin soso kafin ya taɓa kafireto. Yana wanke soson, ya matse ba tare da murɗawa ba don kada ya yage, ya bar shi ya bushe, ya ɗiga masa baƙin mai kaɗan ya mulmula har ya ratsa ko'ina. Man ne ke kama ƙura. Busasshen soso rariya ce kawai. Sannan ya shafa giris a bakin murfin, ya duba robar da ta haɗa akwatin da kafireto, don tsaga ɗaya a nan ta isa ta kashe inji. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi ta rufe sama, aikin yana ninkuwa. Akwai masu babur da ke cire soson gaba ɗaya wai don mashin ya ƙara gudu. Ba dabarar da ta fi wannan kawo wa makanike ciniki.

Sarƙa kuma tata matsalar daban ce. A bar ta a bushe ta ci kanta, a cika mata mai yashi ya manne ya zama abin wasa wuƙa, haƙoran faifanta su kaifafa su lanƙwashe. Mafita ita ce wankewa da kananzir akai-akai, mai kaɗan, da barin murfin sarƙa a wurinsa. Ana kuma bar mata ɗan sassauci, domin idan kaya ya danne baya tana ƙara ɗaurewa. Wasu masu shiga daji suna sa faifan baya mai haƙora da yawa, su sayar da gudu su sayi ƙarfin ja. Zafi ma abokin gaba ne: waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, a yashi kuwa inji yana kuka a giya ta ɗaya ko ta biyu alhali babur ba ya gudun da zai sha iska. Mai ya tsinke, farantan kuloci su ƙone, musamman a hannun wanda ke riƙe kuloci rabi-rabi don fita daga kafewa.

Taya aikin mai faci ne. Ana sassauta mata iska kafin a shiga rairayi don ta baje, amma idan aka wuce gona da iri tayar takan zame a kan wili ta tsinke bakin tub, ga kuma ƙayar aduwa da tsidau suna jira. Hawan ma sai da koyo. Gwanin yashi yana ja da jikinsa baya don gaba ya yi sauƙi, ba ya sakin totur, ba ya damƙar birkin gaba, kuma yana barin kan babur ya yi ɗan rawa ba tare da ya yi kokawa da shi ba. Sammako yana taimakawa, don yashin safe mai sanyi da raɓa ya fi na azahar riƙe taya. Bayan ruwan farko kuwa hanyar jigawa takan daskare ta yi daɗi, matsalar ta koma fadama.

A wasu ƙasashe an ƙera inji na musamman don irin wannan ƙasa. Honda ta fitar da babur mai ƙafa uku da tayoyi masu kumburi a Amurka a 1970, Suzuki ta biyo da mai ƙafa huɗu a 1982. Masu ƙafa ukun sun yi ta kifewa da mutane har aka daina sayar da sababbi a Amurka a 1988. Mai ƙafa huɗun yana tafiya da iska kaɗan ƙwarai, awo huɗu ko biyar a ma'aunin mai faci, inda babur ke shan kusan 30. Masu hawan tuddai don nishaɗi a Kalifoniya, Dubai da Maroko suna sa masa tayoyin baya masu fikafikai da ke kwasar yashi, da doguwar tuta don wanda ke bayan tudu ya hango su. Suna hawa tudu a miƙe, ba a karkace ba, suna rage gudu a ƙoli saboda ɓangaren da iska ba ta bugu yana da gangara mai tsanani. Kulawarsa kuwa ita ce dai ta garejin Dambam: soso mai ɗan mai, sarƙa mai tsabta, canjin baƙin mai da wuri. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a Disambar 1978 kuma ya ratsa Agadas, babur mai ƙafa biyu ne ya lashe shi a karon farko, Yamaha XT500 a hannun Cyril Neveu. Mai ƙafa huɗu bai samu gindin zama a ƙasar Katagum da Misau ba, kuma dalilin a fili yake. Yana da tsada, yana shan mai, ba a samun kayansa a shagon Azare, kuma hanyar ƙauye da damina siririn turba ce tsakanin gonakin gero wadda ba ta ɗaukar faɗinsa. Kaya mai nauyi kuma amalanken shanu mai tsofaffin tayoyin mota ya riga ya ɗauke.

Shekarun baya-bayan nan sun taɓa sana'ar ta fuska biyu. Na farko, rikicin Boko Haram ya sa aka hana hawa babur a Maiduguri a Yulin 2011, aka yi irin haka a Damaturu da Potiskum, sannan Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Keke Napep ya maye gurbi a birane, amma ƙananan tayoyinsa ba sa nisa a rairayi, don haka ƙauye ya ci gaba da dogara da babur. Na biyu shi ne cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023. Tun daga nan buƙatar da aka fi kawo wa makanike ita ce ya rage wa mashin shan mai. Yana iya matse kafireto ya yi hakan, sai dai injin da mai ya yi wa kaɗan ya fi saurin zafi, kuma a yashi zafin ne ke cin bawul da fistin. Makaniken kirki yakan duba kan fulogi bayan gwaji: idan ya fito ruwan ƙasa an daidaita, idan ya yi fari fat sai ya ƙara buɗe mai, ko da mai babur bai so ba.